Na Yi Shaidar Zur a Kan Taurari Sittin da Uku

Gwaggo Baraka, don girman Allah ki taimake ni, ki kuma sakaya sunana. Ko da yake duk wanda ke zaune tsakanin Madabo da Dukawuya yana karanta layi biyu zai gane mu, don gida ɗaya ne a cikin birni ake hawa samansa da ƙarfe mai ƙafa uku. Shekarata talatin da huɗu a ɗakin Malam ban taɓa yi masa ƙarya ba, in ban da irin ta "ban ji haushi ba" da kowace mace ke yi. Amma a wata huɗun nan na yi masa guda sittin da uku, duk a rubuce, kuma da sa hannuna.

Malam tsohon ma'aikacin safiyo ne, awon filaye ya yi har ya yi ritaya. Yana da amini, Malam Sani, tare suka yi aiki shekara talatin. A ƙa'idar aikinsu mutum ɗaya ba ya gama awo: ɗaya ya auna, ɗaya ya sake dubawa ya sa hannu. Malam ke aunawa, Malam Sani ke dubawa, kuma bai taɓa raga masa ko da taku ɗaya ba. Ranar Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi a garin nan Malam Sani ya fita bayan la'asar, sai bayan kwana biyu aka gano gawarsa a asibiti. Allah ya jiƙansa. Malam bai yi kuka ba, kin san Fulani da kunya da taurin rai. Sai dai ya daina magana, tuwo sai ya yi loma uku ya ture kwano. Ga dokar hana fita ta watsa majalisarsu ta ƙofar gida. Wallahi na zaci shi ma tafiya zai yi.

Autarmu Hauwa, da ke koyarwa a sakandare, ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta da manhaja biyu na kallon sama a ciki, don ta san tun yana yaro a ruga mahaifinsa ya koya masa taurari. Da dokar ta hana motoci yawo, ga wuta ba ta zama, sai sama ta fito tar kamar a ƙauye. Ya ɗauko tsohuwar na'urarsa ta awo daga ƙarƙashin gado, ya goge madubinta, ya hau soro. A cikin kwamfutar ya gano wai akwai taurari tagwaye, waɗanda ido ke ganin ɗaya, madubi ya raba su biyu. To nan fa aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, domin kowace manhaja da nata lissafin tazarar da ke tsakanin tagwayen, kuma ba sa jituwa. Wannan ta ce sha huɗu, waccan ta ce sha biyar, da wani ma'auni da yake kira sakan amma ba na agogo ba. Ya raɗa musu suna Babban Akawu da Ƙaramin Akawu, yana yi musu faɗa kamar suna jin sa. Ya ce da a ofishinsu ne da tuni an ba su takardar gargaɗi.

Ban gaya miki wahalar maƙwabta ba. Kin san a cikin birni namiji ba ya hawa sama sai an sanar, don mata su kintsa. To kullum bayan magariba ni ce mai bin gida huɗu ina cewa Malam zai hau. Maƙwabciyata Hasana ta ce duk zafin bazarar bana da hijabi ta yi shi a tsakar gidanta, kuma ta bar ni da Allah. Wani kuma ya kai rahoto wai an girke makamin roka a saman soronmu. Mai unguwa ya zo da jami'an tsaro biyu, na fara salati. Malam ko a jikinsa, ya sa su layi suka leƙa wata a madubin, ɗaya bayan ɗaya, ƙaraminsu har yana tambaya ko zai iya dawowa da matarsa in gari ya lafa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Matsalar ta faro ranar da ya kira ni sama, ya ce ya ga tagwayen da babu su a lissafin Akawu ko ɗaya. Ya buɗe littafin awonsa, ya nuna min gurbin da Malam Sani ke sa hannu, ya ce in leƙa in tabbatar. Na leƙa, Gwaggo. Tauraro ɗaya ne tilo, ko ƙani ba shi da shi. Na ɗago zan faɗa, sai na ga fuskarsa yana dariya, rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar. Bakina ya ce biyu ne. Na sa hannu. A daren nan ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. Duk inda ya juya madubi sai tagwaye. Waɗanda Akawunan suka yarda tagwaye ne kuwa shi 'yan huɗu yake gani, ya ce ai Turawa ba su iya awo ba, gara su zo Kano a koya musu. Ni kuma ina ta sa hannu kamar mai raba katin biki. Na fara zargin inda gizo ke saƙar ranar da na kunna kyandir ɗaya ya ce in kashe ɗaya, almubazzaranci ne. Na lura in ya kanne idon hagu, kamar yadda ya saba in zai leƙa madubi, nan ne abu ya fi rabe masa biyu. Idon daman ma in haske ya doke shi akwai wani fari-fari a ciki. Ban gaya wa kowa ba, har Hauwa, don ita bakinta ba ya riƙe magana.

Yanzu ga inda ramin ƙaryata ya ƙure. Ya rubuta wa wani malamin jami'a wasiƙa cewa ya gano kurakurai sittin da uku a lissafin duniya, kuma yana da shaida, wato ni. Ya gayyace shi Asabar ta sama bayan magariba, kafin lokacin doka, tare da 'yan majalisarsu da Musa babban ɗan marigayi. Zai nuna musu tagwayen farko da ya gano, wai ya sa musu sunan Malam Sani. Har limamin masallacinmu ya ce tunda Allah ya hore masa na'ura, bana shi zai taya su duban watan azumi. Gwaggo, mutumin nan wata biyu zai gani!

In na yi shiru zai tozarta a gaban mutane da ɗan amininsa, idon kuma ban san me ke cinsa ba. In na faɗa, na ƙwace abu ɗaya da ya dawo min da shi cikin masu rai, kuma zai san matarsa ta yi ta kallon idonsa tana yi masa ƙarya. Ina son mutumin nan, ina tsoron ya koma ture kwano. Ga azumi ya ƙarato, ni da shaidar zur sittin da uku a wuya. Yaya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Mai Sa Hannu, cikin birni

*

Mai Sa Hannu, na karanta wasiƙarki na yi dariya har mayafina ya zame, na zo ƙarshe kuma na nemi abin share ido. Ki gaida min Hasana, ki ce Gwaggo ta ce ladanta na nan.

Bari in fara da wanke ki kaɗan. Ƙaryar farko tausayi ne, kuma da ni ce a saman soron nan ina jin abin da zan faɗa ke nan. Kin ga mutum yana nutsewa kin miƙa masa abin da ke hannunki. Amma sittin da biyun da suka biyo baya tsoro ne, kuma shi ne zai biya su da idonsa da mutuncinsa. Ki tuna gurbin wa ya ba ki. Ke da bakinki kika ce marigayi bai taɓa raga masa taku ɗaya ba, kuma shekara talatin bai canza shi da wani ba. Mutumin da ya zauna da irin wannan aboki ya fi ƙarfin gaskiya ta karya shi yadda kike tsoro.

Ido ya fi taurari gaggawa. Ni ba likita ba ce, amma na tambayi wata likitar ido, ta ce abin da kika kwatanta ya yi kama da yanar ido, tana sa mutum ganin abu biyu da ido ɗaya, kuma cire ta aiki ne da ake yi kullum. Ta ce duk da haka kada a yi masa hukunci daga jarida, a kai shi a duba, a gwada suga da hawan jini. Ku fita da sassafe saboda shingayen bincike, ku tafi da Hauwa. Bakinta da kike tsoro a layin asibiti zai yi muku rana.

Yadda za ki gaya masa kuwa, kada ki bari Asabar ta zo. Gobe in kun hau, ki ce a matsayinki na mai dubawa kina neman a sake awon farko da idon hagu. Ma'aikacin safiyo ba ya ƙin a sake awo, abin alfaharinsa ne. Zai ga ɗaya da kansa, kuma gara ya ji daga na'urarsa. Amma kada ki laɓe a bayan na'urar. Yana ɗagowa ki faɗi naki laifin kafin ya tambaya: ɗaya kika gani tun ranar farko, kin ce biyu ne don kin ga ya yi dariya, kuma kina neman gafara. Zai yi fushi, yana da haƙƙi. Wataƙila ya kwana biyu yana amsa miki da ka. Ki ci gaba da kai tuwo.

Na kuma tambayi wani malamin kimiyya labarin Akawunan nan, don kada in yi ta faɗin abin da ban sani ba. Ya ce Malam bai yi kuskure ba da ya ga saɓani a tsakaninsu. Kowace manhaja daga wani kundi take ɗauko lissafinta, wani an auna shi da daɗewa, wani kwanan nan, wasu tagwayen kuma suna kewaya juna a hankali, tazararsu na sauyawa da shekaru. Ya ce masu sha'awa irin Malam suna sake auna sanannun tagwaye, kuma aiki ne mai daraja in an yi shi da ido lafiyayye da mai dubawa mai gaskiya. Kin ga ke nan ba a raba shi da soronsa ba. Littafin ne za a buɗe sabon shafi, kuma ba mamaki a cikin sittin da ukun a tsinci na gaske ɗaya ko biyu.

Taron Asabar a ɗaga shi zuwa bayan an ga likita. Shi da kansa zai rubuta wa malamin jami'ar cewa mai awo ya gano matsala a kayan aikinsa, wannan ba abin kunya ba ne a wurin masu ilimi. Liman kuma a ba shi haƙuri, bana a bar wa masu ganin abu ɗaya-ɗaya duban wata. Musa dai kada a janye masa gayyata. Ya zo ko ba tauraro, ya zauna da aminin mahaifinsa su yi hirarsa su yi masa addu'a, don ina zaton abin da Malam ke nema ke nan da ya rasa yadda zai roƙa.

Abu na ƙarshe, ki shirya masa. Tun rasuwar nan mijinki bai yi kuka ba, ya hau sama ne ya samu abin da zai riƙe. Ranar da ya leƙa ya ga ɗaya a inda ya sa sunan amininsa, ranar ce zai yi makokin da bai yi ba. Kada ki sauko ki ba shi wuri don kunya, kada kuma ki ce ya yi haƙuri. Ki zauna kusa da shi har ya gama.

Allah ya jiƙan Malam Sani da duk waɗanda muka rasa, ya ba Malam lafiyar ido, ya zaunar mana da garinmu lafiya. Ke kuma Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar faɗin abin da kika gani.

Gwaggo Baraka