Baƙin Zare a Maɓallin Roman

Marten Falls, Wisconsin
12 ga Yuni, 2023

Zuwa ga ƙanena Florian,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka da sauƙi, kai da Lorraine da yara. Na ji labarin aikin da aka yi maka a ƙirji ta bakin 'yar Stella, ba ta bakinka ba, kuma ban yi mamaki ba. Allah ya ƙara lafiya. 'Yata Bernadine ce ke rubutawa, ka san ni da biro, amma na hana ta gyara mini magana ko ɗaya. Mu nan muna lallaɓawa. Gwiwata ta hagu ta ƙi, likita ya ce a sa ta ƙarfe, na ce shekara arba'in na yi ina narka ƙarfe, ya ishe ni. Mun binne Roman Pasko a watan Maris, Alvina mai tuta kuma ba ta gane kowa yanzu. Cikin mu tamanin da huɗu na ƙungiyarmu ta ganga da begila, Maƙera, talatin da ɗaya suka rage, har da kai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Delbert Kuchta, mai busa begilar nan da ya zama shugaban tsofaffin 'yan ƙungiya, ya haɗa kwamiti za su maimaita wasanmu na 1973 a watan Agusta, a filin makaranta, don cikar shekara hamsin. Suna atisaye ranar Lahadi bayan coci. Da ka gan su da ka yi kuka: rabi ba sa iya ɗaukar ganga sai an ɗora ta kan ƙafar ƙarfe, Delbert kuwa in ya busa layi biyu sai ya nemi kujera. Na ce masa a da ma iskarsa a baki take. Ya ce ni da ban taɓa taka fili ba, mai gugar rigunan ƙungiya da allura, in yi shiru. Duk da haka wurina suke zuwa, don ni kaɗai na riƙe wa ya tsaya ina, da taku nawa ake yi kafin a juya.

Sai suka zo da wata dabara. Wai a ƙarshen wasan, wanda zai tsaya a gurbinka zai saki sandar kiɗansa da gangan, jama'a su yi dariya, tunda kowa a garin nan ya san da sandarka, kai da suke kira Saki-Sanda, muka rasa kofin jiha da ɗigo ɗaya. Delbert ya ce ai abin ya zama tarihi, kai ma da kana nan dariya za ka yi. Ban ce a'a ba, Florian. Ni ma na yi dariya. Sannan suka nemi in kawo takardun alƙalai na ranar don a manna a bango, waɗanda marigayi daraktan ƙungiya ya damƙa mini cikin akwatin kayan ɗinki, ban taɓa bari kowa ya taɓa ba.

Ranar Talata da hantsi Bernadine ta sauko da akwatin, ta zauna tana karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin ganguna, ɗigo kaza. Alƙalin taku, ɗigo kaza. Da ta zo takardar hukuncin yar da kaya sai ta ce babu komai a ciki. Na ce ta sa tabarau. Ta ce Baba, fara ce fat, sai layi ɗaya a ƙasa da ya ce sanda ta faɗi bayan an harba bindigar tashi, ba a ƙirga ba. Ka tuna, da zarar mai agogo ya harba, alƙalai sun rufe biro ke nan. Sandarka ba ta ci mana komai ba. Sai ta ɗauko takardar duba kaya, wadda ake yi a layi kafin a shiga fili. Ɗigo biyu. Maɓalli na uku a farar riga, an ɗinka da baƙin zare, mutum biyu.

Ni na ɗinka su. Farin zare ya ƙare mini a cikin bas, maɓallin Roman da na ɗan gidan Zielke suka tsinke, na ce wa zai leƙa ƙarƙashin maɓalli. Bernadine ta ce in ce ban sani ba sai yanzu, kuma zan iya faɗin haka, tunda ban iya karatu ba. Amma ranar ina tsaye bakin layi, na ga tsohon sojan nan mai dubawa ya tsaya gaban Roman, ya ɗaga maɓallin da farce, ya rubuta. Na gani da idona. Da aka jera ku a fili aka karanta maki, aka ce 'yan ƙungiyar Tafki sun fi mu da ɗigo ɗaya, kowa ya juyo ya dube ka, ni ma na juyo tare da su. Daga nan na ajiye abin da na gani a wani lungu na kaina, ban ƙara leƙawa ba. Takardun ma na san abin da ya sa ban taɓa ba kowa ya karanta mini su ba.

Kana shekara goma sha tara. Babanmu ya tuƙa mu gida bai ce maka uffan ba, kuma da wannan shirun ya shiga kabari. Sunan Saki-Sanda ba Delbert ya raɗa maka ba, ni ne, a wurin cin soyayyen kifi na Juma'a, don a yi dariya a manta da ni. Duk shekarun nan in aka ce a ba da labarin 73, ni ake kira, don na fi kowa iya kwatanta yadda sandar ta yi tsalle sau biyu kan ciyawa. Ka tafi Alaska kafin hunturu, ko jana'izar Mama kwana ɗaya ka yi.

Na kai maganar gaban kwamiti. Delbert ya ce haba Ignatz, tsufa ne ke damunka, wa zai biya kuɗin ƙofa don ya ga baƙin zare, sanda ita ce labari. Matar Zielke ta ce a bar matattu su kwanta. Na ce ai Florian bai mutu ba tukuna. Suka kaɗa ƙuri'a, shida da ɗaya, za a saki sandar, kuma za a manna duk takardun ban da waɗannan biyun. Na ce to su nemi wanda zai gaya musu taku nawa ne daga layin tsakiya zuwa tuta, don ni na manta. Tun ranar suna ta karo da juna a fili, Delbert ya bugo waya sau huɗu, ban ɗauka ba.

Ban rubuto don ka ce ka yafe ba. Da ni ne ba zan yafe ba. Takardun biyu suna cikin ambulan ɗin nan, na asali, babu kwafi, na hana Bernadine ɗauka a waya. In ka ƙona su, babu sauran shaida a duniya sai bakin tsohon da aka ce ya ruɗe. In kuma likita ya bar ka ka hau jirgi, wasan ranar sha tara ga Agusta ne, ƙarfe biyu. Ko ka zo ko ba ka zo ba, zan shiga tsakiyar fili da sandar dogarawata in faɗi abin da na yi da ƙarfi, sai dai su ɗauke ni caɗak. Amma na fi so a ce kana zaune kana ji.

Ka gaida Lorraine, ka ce ina mata sannu da jinya. Ka gaida Tadeusz da Marcy da jikokin da ban taɓa gani ba. Bernadine na gaida kawunta, ta ce in faɗa maka akwai ɗaki a ƙasa, ba sai ka hau bene ba.

Ni ne yayanka,
Ignatz Wojtalik