Haƙoran Roba na Altine 'Yar Mijinyawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ce Altine 'yar Mijinyawa, haifaffiyar Dugabau, matar marigayi Malam Jibirin na Unguwar Tudu. Da hannuna nake rubuta wannan wasiyya, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, kuma hankalina garau yake. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya gajarta, amma kai yana nan daram. Duk wanda ya ce Inna ta fara gigin tsufa, ya je ya tambayi Malam Sharfaddeen limamin unguwarmu, a gabansa na karanta ta kuma ya sa hannu.

Zuwa ga 'ya'yana huɗu: ɗan farina da nake kira Maikuɗi, tun da kunya ba ta taɓa barina na kama sunansa ba, da Badi'a, da Naja'atu, da autana Tasi'u.

Ba na tsoron tafiya. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, kuma kun san shi. Daminar da ta wuce Maikuɗi da Tasi'u suka yi sa-in-sa a fadamar Garo a kan injin ban ruwa, Maikuɗi ya ɗaga hannu ya zubar wa ƙanensa haƙoran gaba guda biyu. Tasi'u ya kai ƙara gaban alƙali a Gwarzo, ya ce ba ya son diyya, ƙisasi yake so, a cire wa yayansa biyu kamar yadda ya cire masa. Alƙali ya ɗage zama zuwa bayan kaka ko dangi za su sasanta. Ni kuwa ba na jin zan ga bayan kaka, shi ya sa zan faɗi tawa yanzu.

Na ɗaya. Gadona a raba shi yadda Shari'a ta tsara, Malam Sharfaddeen zai raba. Ban fifita kowa ba, kada kuma wani ya zo daga baya ya ce Inna ta taɓa raɗa masa wani abu a kunne. Ban raɗa wa kowa komai ba. Babbar tukunyar ƙarfen da ke bayan rumbu ba tamu ba ce, ta gidan Sajo ce, tun sunan ɗan Naja'atu aka aro ta. A wanke a mayar, a kuma ba su haƙuri.

Na biyu. Daga cikin sulusina a ba ƙanwata Sa'a jar tunkiyar nan da 'ya'yanta, da zannuwana na Makka. Amma ku saurara da kyau, kada a ba ta haƙorana na roba. Na san ta daɗe tana harararsu, har ta taɓa cewa idan na gama da su ita ce mai gado. Sa'a, Allah ya shirye ki, ba ɗankwali ba ne. An auna su ne da bakina ni kaɗai, in kika cusa su a naki za su ci miki dasashi su bar ki da gyambo. In kina so, ki je a auna naki.

Tun da maganar haƙoran ta zo, bari na ba ku labarinsu, don ku yara kun tashi kun gan ni da su ne kawai.

Ni saniya ce ta yi min giɓi. Ina durƙushe ina tatsa a Dugabau, shekarar da na yaye Tasi'u, ta ɗaga ƙafa ta harbe ni a baki, haƙoran sama uku suka zube cikin ƙwarya. Ba ni da alƙalin da zan kai ta, sai na kuskure baki da ruwan gishiri na ci gaba da harkokina. Daga baya turame biyu na ƙasa suka ruɓe, wanzami ya cire. Ubanku ya yi niyyar kai ni birni, sai ga zamanin tsuke bakin aljihu ya faɗo. Waɗanda suka isa a cikinku za su tuna: layin sabulu, layin kananzir, taki ya gagara, a asibiti a rubuta maka magani a ce je ka nema. Wa zai yi maganar haƙorin mace a lokacin? Haka na zauna shekara da shekaru da giɓi, in zan yi dariya sai na kare baki da gefen mayafi.

Da Allah ya kawo sauƙi muka sayar da gyaɗa, ubanku ya kai ni wurin likitan haƙori a birni. Ya sa yatsa ya shafa dasashina, ya girgiza kai. Ya nuna min cewa ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne da aikin da haƙori ke ba shi. Duk wurin da aka rasa haƙori, ƙashin wurin ba shi da abin riƙewa, sai ya riƙa zaizayewa a hankali, kuma ba ya dawowa. Na sa nawa yatsan na ji. Inda a da yake da tudu ya zama siriri kamar bakin faifai. Haƙoran da ke gefe kuma sun karkato cikin giɓin, sai da aka yi dabara kafin na robar su sami wurin zama. Ya cusa min wani abu mai kama da ƙullu a baki ya ɗauki awo, da muka koma ya ba ni su, na sama da na ƙasa, kowanne da 'yar waya da ke kama haƙorin da ya rage.

Wallahi ranar na yi kuka a motar Gwarzo, don murna. Ubanku yana ta tsokanata wai an sake masa amarya. Amma ban manta da abin da likitan ya ƙara faɗa ba. Ya ce roba tana tare leɓe, tana taimakon tauna da magana, tana hana sauran haƙora karkacewa, amma ba ta hana ƙashi zaizayewa, don a kan dasashi take zaune, ba a cikin ƙashi ba. Saboda haka za su riƙa yin sako-sako, sai an riƙa komawa ana yi musu ciko daga ciki, wani lokaci ma a sake sababbi. Haka kuwa aka yi. Duk sanda suka fara rawa a bakina, ubanku zai sa babbar riga mu hau mota mu sauka tashar Kabuga a birni. Ko muna cikin fushi da juna, dole mu zauna kujera ɗaya. Ba mu taɓa dawowa gida da fushin da muka tafi da shi ba, kuma ban taɓa dawowa ba tare da ya saya min tsire ya ce na gwada aikin likita ba.

Na uku. Tasi'u, da kai nake. Ba zan ce maka abin da aka yi maka ƙarami ne ba. Masu ce maka haƙori biyu ne kawai, ka yi haƙuri, ba su san abin da suke faɗa ba, ni na sani. Kai malamin Islamiyya ne, da bakinka kake ci. Na ji ka ta katanga kana biya wa yara karatu, iska tana fita ta giɓin, haruffa suna zame maka, na ji lokacin da ka katse karatun don wani ya yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai daina ba. Ƙisasi haƙƙinka ne, Shari'a ta ba ka, mu ma da muka yi murnar zuwanta ba za mu ce a yi wa wasu a bar namu ba. Ban isa na ƙwace maka shi ba. Roƙonka nake ka yafe, kuma na san ɗan da na haifa, zai yafe.

Sai dai akwai wautar da zan hana ka kai tsaye. An gaya min ka ƙi zuwa a sa maka haƙora, wai abokanka sun ce in ka cike giɓin shaidarka ta mutu, alƙali ba zai ga ɓarna ba. Haba Tasi'u, da iliminka! Alƙali ya gani, magatakarda ya rubuta, yayanka bai musa ba. Wa kake ajiye wa giɓin? Likita ya ce a watannin farko ƙashin ya fi saurin tafiya. Kana zaune kana jiran bayan kaka, leɓenka na sama ya fara faɗawa ciki, na lura ranar da ka zo gaishe ni. Ka je a auna ka tun sauran ba su karkace ba.

Na huɗu. Maikuɗi, kai kuma kada ka ɗauka ka sha. Zuciyarka irin ta kakanka Mijinyawa ce, tana tashi kafin tunani ya iso, amma shi dabba yake duka da sanda, bai taɓa dukan jininsa ba. Na ji ka ce a shirye kake ka sayar da bijiminka ka biya diyya a wuce wurin. To ba za a wuce wurin ba. Maganar diyya tsakaninku ce da malamai, in Tasi'u ya karɓa halalinsa ne. Nawa hukuncin daban ne, ga shi.

Kai za ka kai ƙanenka birni a yi masa haƙora. Ba aike ba, ba ka ba shi kuɗin mota ya tafi ba. Da ƙafarka za ka je ƙofar gidansa ka yi sallama, ku tafi tasha tare, ku zauna kujera ɗaya, ka zauna a benci ka jira har a gama. Duk ranar da suka fara yi masa rawa a baki, ko waya ta saki, ko dasashi ya yi ciwo, kai za ka sake kai shi. Kada ka tambaye ni sau nawa. Ƙashin da ka taɓa ba zai daina zaizayewa ba muddin yana raye, don haka kai ma ba ka da ranar gamawa. Idan ka tsufa har ka kasa hawa mota, shi ya riƙe ka ku hau.

Tasi'u, ka ga abin da na ɗora masa ya fi zafin cire haƙori biyu daɗewa. In aka cire nasa, rana ɗaya ce, daga nan ku zama masu giɓi biyu da ba sa gaisawa, ni kuwa na haifi maza biyu ne kacal.

Na biyar. Badi'a, ke za ki koya wa Tasi'u yadda ake riƙe su, tun da kin ga yadda nake yi. A cire kafin a kwanta, a sa a kofi da ruwan sanyi. Kada a zuba musu ruwan zafi, lanƙwashewa suke. A wanke su a kan kwano mai ruwa, don in suka faɗi a kan siminti sun tafi. In sun matsa masa kada ya sa wuƙa ko magogi ya ce zai gyara, kada kuma ya kai wa mai gyaran rediyo ya matse wayar. Kuma ya kula da haƙoran da wayar ke kamawa fiye da kowanne, su ne ginshiƙin. Goro sai dai a daka masa, ni ma haka na ƙare, ban kuma mutu ba sai da kwanana ya ƙare.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi a wurina. Badi'a da Naja'atu, ku za ku yi min wanka. Kafin wanka a zare haƙoran daga bakina, ba zan shiga kabari da roba ba. A binne su a bayan ɗakina. Ku ɗaure min haɓa da kyau, don bakin ba shi da abin tokare shi.

Kun san ni da son tsafta da son a gan ni tsaf. Tun ranar da aka sa min haƙoran nan babu mahalukin da ya ga fuskata ba tare da su ba, sai ubanku da likitan haƙori. Ko ku mata, sai na juya baya nake cirewa, kafin kowa ya tashi kuma na mayar. Ko da aka kwantar da ni asibiti ban yarda ba. Yau na sauke wannan da kaina. Bayan kun zare su, kafin ku ɗaure haɓar, ku rufe min jiki ku bar fuska, ku kira 'yan'uwanku maza su shigo tare. Ba ɗaya bayan ɗaya ba, tare.

Ku tsaya ku dube ni da kyau. Za ku ga leɓe ya shige, kumatu sun lotsa, haɓa ta matso kusa da hanci, za ku ga tsohuwar da ba ku taɓa sani ba. Maikuɗi, abin da hannunka ya fara wa ƙanenka ke nan, nan zai kai. Tasi'u, abin da kake roƙon alƙali ya fara wa yayanka ke nan. Kada wanda ya sunkuyar da kai, kada wanda ya fita sai ya gama gani. Daga nan ku ɗauki makarata, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bayan addu'ar uku ku je Gwarzo ku gaya wa alƙali abin da kuka yanke. Ba na shakkar abin da za ku gaya masa.

Na yafe muku duka, nonon da kuka sha halal ne. Badi'a da Naja'atu, ku ne idona a kan mazan nan, in kuka ga an daɗe ba a je birni ba, ku je ku tayar da su, kada ku ji nauyin kowa. Kada a raba injin Garo, kada a gina katanga a tsakar gidan ubanku. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci abin da kuka haifa, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Saura kalma ɗaya. Tasi'u, kai na goya a bainar jama'a, kai na yi wa rawa, kai na kira da sunanka safe da yamma. Yayanka bai sami ko ɗaya ba, don ɗan fari ne, al'adarmu ta ce na kawar da kai, na kuwa kawar. Bai taɓa jin na roƙa masa komai a wurin kowa ba. Yau ina roƙa masa a wurinka, kuma zan rubuta sunan da bakina bai taɓa furtawa ba: ka bar min Abdulnasir da haƙoransa.

Mahaifiyarku,
Altine 'yar Mijinyawa
Unguwar Tudu, Gwarzo