Kawuna Huɗu na Ladan

Alhamis, 8 ga Mayu, 2025
Kasuwar Shinkafi. An yi gwanjon kayan wani mai aski da ya bar Galadi. Kowa na rububin injin aski, ni allon ƙofa na ɗauka. Zanen kawuna huɗu ne, kowanne da askinsa, bayansu ja wur. Hannun Ladan mai fenti ne, daga kunnuwan na gane. Na tara allunan masu shayi da bayan manyan motoci, babu kamar wannan.

Asabar, 10 ga Mayu
Na rataye shi a falo. Salima ta ce yanzu mijinta ya kawo mata ƙarti huɗu suna kallon tuwonta.

Juma'a, 16 ga Mayu
Ashe Ladan na raye. Ya zo daga Zurmi bisa babur, ya tsufa tukuf, yana tari. Na zaci yabo yake so. Ina! Wai bi yake yana shafe duk fuskar da ya taɓa zanawa, don ya ji a wa'azi ranar ƙiyama za a ce ya hura musu rai. "Malam Misbahu, mi za ni ce ma Ubangiji? Ka bar ni in shahe wanga." Na ce malamai sun yi saɓani. Ya ce ba su za a tambaya ba.

Na ba shi fura, allo kuwa na hana.

Litinin, 19 ga Mayu
Allon nan nawa ne, a gwanjo na saya gaban jama'a.

Lahadi, 25 ga Mayu
An ce Ladan ya kwanta rashin lafiya. Na kai masa allon can Zurmi da farin fenti, don ya gan shi kawai. Buroshi ya ƙi zama a hannunsa. Ni na shafe su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "ga kunne nan ka bari." Na ukun ya fi ba ni wuya, shi ne mai murmushi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi kuwa barci ya yi.

Talata, 3 ga Yuni
Ladan ya rasu jiya. Allah Ya jiƙansa.

Alhamis, 12 ga Yuni
Shinkafi. Wani allon nasa ya fito gwanjo, kai biyu. Na taya har aka sallama mini. Ban buga ƙusa ba. Na tambayi Salima inda ta ajiye sauran fentin.