A Aljihun Shuɗin Wando

Zuwa ga Yaya Tanet, sanyin idona, ɗumin da nake nema cikin wannan damina, mai askakken kan da ya fi mini duk masu suma kyau.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta jiƙe har ɓargo amma zuciyarta ba ta huce ba. Daga garin Siem Reap nake rubuto maka, a barandar wani ƙaramin masauki, ruwa na dukan kwanon rufi, takalmana a gefe suna warin da ko karen gidan ya ƙi matsowa. Na san ba Yaya kawai ya kamata in kira ka yanzu ba. Tun da ka yafa mayafin nan ruwan goro ka shiga cikin sufaye, duk Nong Khai durƙusa maka ake yi, har Inna Bunma da ta goya ka. Amma a wannan takarda kai Yayana ne, kuma kafin in rufe za ka ji abin da ya sa ban ji tsoron ɗaukar zunubi ba.

Ka tuna ranar da muka raka ka gidan ibada? Makaɗa a gaba, gwaggwanninka sun yi tatil suna rawa, Baba riƙe da kwanon da za ka riƙa karɓar sadaka, Inna rungume da mayafi tana kuka tana dariya, kai kuma cikin farare, ba gashi ba gira, sai kunnuwa. Ni aka miƙa wa filo. Wa ne bai san ma'anarsa ba a garinmu? Wadda ta ɗauki filon mai shiga zaman damina, ita ce za ta raba filo da shi in ya fito. Na rungume shi ina zagaya ɗakin ibada, Chaba 'yar maƙwabtanku tana ta jifana da harara, ni kuwa ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa. Da hannuna na ɗinka rigar filon nan, da ƙananan kifaye na shuɗin zare a bakinta. Ban gaya maka ba, guda biyu na ɗinka. Ɗaya ta shiga da kai, ɗaya tana cikin jakar bayana.

Wata uku ka ce mini, don Inna ta sami lada, sannan mu yi aure. Na ce zan iya. Ashe baki ne ya faɗa, bai yi shawara da zuciya ba! Kullum da safe sai ka biyo layinmu ba takalmi, in durƙusa in zuba maka shinkafa, idonka a ƙasa. Ba ni da ikon taɓa ko gefen mayafinka, ba ni da ikon miƙa maka komai hannu da hannu. Mutumin da ya saba sace mini nama a cikin miya, yau shi ne ke yi mini addu'a da muryar da yake yi wa kowa! Ranar da shinkafar ta kuɓuce mini ta zube a ƙafarka, ka wuce ko gefen bakinka bai motsa ba, ranar na rufe shagon ɗinkina, na cusa kaya a jaka, na haye gada zuwa Laos. Ka'idar zamanku ta ce kada ku kwana ko'ina sai inda kuka yi alkawari har ruwa ya ɗauke. To, na ce tun da kai an kafa ka wuri guda, ni bari in yi yawon mutum biyu.

Kowa ya ce ba ni da hankali. Wa ke yawon buɗe ido da damina, kuma mace, kuma ita kaɗai? Gaskiyarsu, ta wani fannin. Na hau dutse don ganin ruwan da ake cewa shuɗi ne kamar kwalba, na tarar da shi ja wur kamar shayin madara, na sauko da matsattsaku a ƙwaurina. Rigar ledata ta yage tun a Vientiane. Amma ya abin ƙaunata, da ka ga yadda duniya take in baƙi sun gudu! Gonakin shinkafa kore shar har ƙarshen gani, hazo kwance a wuyan duwatsu, gidajen ibada fayau ba kowa sai ni da kwaɗi. Duk inda na shiga na cire takalmi, na kunna turare, na roƙi abu guda, kuma ina jin kunyar abin da nake roƙa, don a gidan masu barin duniya nake roƙon a mayar mini da mutum cikin duniya.

A Luang Prabang Inna ta kira ni. Muryarta cike da alfahari, ba ta san wuƙa take soka mini ba. Ta ce ka ce hankalinka bai taɓa kwanciya irin na yanzu ba, kuma babban malaminku ya ce kana da kai, irinka ake so su daɗe. Na ce mata madalla. Na kashe waya na zauna a bakin kogin Mekong ina kuka, ruwan sama na taya ni. Da wa zan yi faɗa, Yaya? Da Chaba ce, da tuni na san inda zan kama. Amma yaya mace za ta yi kishi da kwanciyar hankali?

A hanyar kudu ƙasa ta zaftaro ta toshe titi, motarmu ta tsaya wuni guda. Muka baje a wata rumfa ana raba shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi. Na cusa kayana a rigar filon nan na kishingiɗa, kamar yadda nake yi duk inda na sauka. Wata tsohuwa mai jan baki saboda taunar ganye, Kaka Kampeng, ta ƙura wa kifayen ido ta ce, "'Yar nan, wane ɗan banza ne ya shige gidan ibada ya bar ki da rabin gado?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce nata mijin damina ɗaya ya ce mata, ya yi uku, ita kuwa ba ta taɓa aika masa ko kalma ba, sai dai ta tabbatar kullum miyarta ce ke shiga kwanonsa. Ta nuna wani tsoho da ya hangame baki yana munshari a kan buhu ta ce, "Ga waliyyin nawa can. Wasu ranakun har cewa nake da ma sun riƙe abinsu." Amma na ga lokacin da ta cire mayafinta ta rufe masa ƙafa.

Tun daga ranar na daina roƙon a kore ka daga inda kake. Jiya na yini a cikin tsofaffin gine-ginen Angkor da ke nan kusa, gansakuka ta lulluɓe duwatsu, tafkuna sun cika sun batse, furen bado ya buɗe ko'ina. Na zauna ƙarƙashin wata ƙofa ina jiran ruwa ya tsagaita, sai na ji abin da kake nufi, ɗan kaɗan. Akwai daɗi a shirun nan. Idan shi ka zaɓa, ba zan tsaya a ƙofar gidan ibada ina yi maka kuka ba, zan zuba maka shinkafa ko ƙwaya ba ta zube ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ya hasken safiyata: ina son ka fito. Ina son ka fito ka cika mini gida da surutu, ka bar jiƙaƙƙen tawul a kan gado, ka sace mini nama.

Yau da safe kuma Inna ta sake kira. Bayan labarin ciwon gwiwa da na kajinta, sai ta ambace ka da sunan girman da ake kiranka da shi yanzu, ta ce, kamar ba komai ba, "Wai Luang Phi yana tambayar shuɗin wandon nan nasa, ko asu bai ci ba. Ya ce yana jin ƙugun zai yi masa kaɗan, sadaka ta karɓe shi. In kai wa tela ya buɗa?" Yaya, na kusa yar da wayar a kwata! Me sufi zai yi da wando? Zuciyata ta ce wataƙila kyauta za ka yi da shi. Na ce mata ki yi mini shiru, mai kyauta da wando ba ya damuwa da ƙugu. Inna kuwa na gaya mata kada wani tela ya kuskura ya taɓa shi. Ni na yanka shi, ni na ɗinka, na san inda na bar masa sarari.

Ba gidan ibada zan aika wannan takarda ba, ban isa in sa sufi ya karanta irin wannan magana ba. Inna zan aika wa, ta ninke ta ta sa a aljihun wandon, na dama, inda kake cusa hannu in kana jin kunya. In ka zauna, asu ne zai karanta ta, kuma ba zai gaya wa kowa ba. In kuwa idonka na kan waɗannan kalmomi yanzu, to ka riga ka ba ni amsa.

Ruwa ya fara ja da baya, ni ma na juya fuskata gida. Ka fito mini da filona, abokiyar rigarsa ta gaji da kwanan mota. Wandon kuma in ya matse ka, ka riƙe numfashi ka jure, ina nan tafe da almakashi.

Taka a damina, taka da rani, wadda ba za ta ɗauki filon kowa ba bayan naka,

Rampai