Ranar Likita Ta Faɗo Ranar Shuka

Zuwa ga mai filin shawara,

Malam, ka taimake ni don Allah, kuma kada ka jinkirta, don abin ya kai ni inda ba na iya tauna tuwo, ba na iya zama a majalisa. Ni ban yi boko ba. Jaridarku karanta mana ita ake yi a gindin durumi bayan la'asar. Wannan takarda kuwa mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya na Gumel ne ya rubuta ta, na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Ni tsoho ne a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Sunana ba zan faɗa ba, ko da yake wanda ya san yankin zai gane ni. Ba ni da sarauta, ba ni da dukiya. Abin da Allah ya ba ni riƙe magana ne. Da wayona aka yi yunwar Kakalaba, ina gani aka shimfiɗa hanyar jirgi ta Gagarawa. Na san wanda ya haƙa kowace rijiya a garinmu, na san wanda ya sari kowace gona da inda ya dasa gambar iyakarsa. In rigimar iyaka ta tashi ni ake kira, kuma tun zamanin uban dagacinmu na yanzu ba a taɓa cewa in rantse ba.

To ga abin da ya faru. Haƙorin tauna ne na ƙasa, ɓangaren hagu, ya sa ni gaba tun bazara. Na sa kanumfari, na sa jar kanwa, duk a banza. Sai aka ba ni labarin wani likitan haƙori mai zaman kansa da ke zuwa Gumel daga Kano sau ɗaya a wata, ya kama ɗakuna kusa da tasha. Na je. Gaskiya mutumin yana da sanyin hannu. Ya duba, ya ce ba a cire haƙori a kan kumburi, ya ba ni ƙwayoyi, ya yanka mini rana a zuwansa na gaba. Ma'aikacinsa ya ce wanda aka ba rana bai zo ba, bai kuma aiko ba, zai biya naira biyu kafin a sake duba shi. Ba zan ce ban ji ba, ni ba na mantuwa. Amma abin da na amsa shi ne in Allah ya kai mu, shi ma ya ce amin.

Malam, kai ma ka san farin da muka sha a shekarun nan. Dabbobi sun kusa ƙarewa, waɗansunmu har irin shuka suka cinye. Bana ma hadari ya yi ta yi mana ƙwalele. Sai ana gobe ranar likita, da la'asar, ya taso daga gabas ya zuba ruwa har ƙasa ta ƙoshi. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima. In ka yi sanya, sai dai ka jira wani ruwan, in da rabo. Da gari ya waye duk mai ƙafa yana gona. Ni a gaba da sungumi, iyali na bi na da ƙwaryar iri. Ba wanda ya bar garin sai Rufa'i mai keke, shi ma don irinsa bai isa ba ya tafi Gumel ƙarowa. Ya wuce ta bakin gonata har muka gaisa. Wane mai hankali ne zai ajiye sungumi a irin wannan rana ya je ya buɗe baki a kan kujera? Ga shi yanzu geron ya kai ƙugu, Alhamdu lillahi.

Da wata ya zagayo na koma. Ma'aikacin nan ya tare ni a bakin ƙofa, ga mutane zazzaune a benci, ya ɗaga murya ya ce ni ne tsohon da ya saɓa alkawari, sai na biya tara. Ban tsaya ganin likitan ba, na ɗauki sandata na fito.

Ni ba kuɗin ne suka dame ni ba. Akuya ɗaya in na kai Maigatari ran Alhamis ta biya har da rara. Abin da nake tambaya, tun yaushe ake biyan aikin da ba a yi ba? Wanzami in ka ce ya zo aski, ya tarar ka tafi jana'iza, sai ya bar maka ta'aziyya ya rataya zabirarsa ya wuce. Ranar ban ji zafin allurar likitan nan ba, bai taɓa bakina ba, haƙorin yana nan yana ci na. Kuma ni na saukar da ruwan?

Ga inda gizo ke saƙar. Cikin waɗanda ke kan bencin nan har da Cindo, mutumin garinmu. Cindo yana rigimar iyaka da Larai, matar marigayi maƙwabcinsa, wadda ke riƙe da marayu. Fari ya kashe gambar da ke tsakaninsu, shi kuwa ya riƙa matsowa da noma har ya wuce kututturen aduwa. Ina wurin ranar da uban Cindo da surukin Larai suka dasa gambar nan. In an yi girbi za a zauna gaban alƙali, kuma ba ta da wani shaida sai ni. Tun ranar, Cindo ba shi da hira sai tawa. A bakin masallaci, a wurin suna, cewa yake yi tsufa ya fara taɓa ni, wai rana guda na kasa riƙewa har likita ya ci ni tara, ina zan riƙe maganar matattu? Na ga waɗansu sun fara gyaɗa kai in ya faɗa. Larai ta zo gaishe ni rannan. Ta daɗe a durƙushe.

In na biya, na amsa da bakina ni mai saɓa alkawari ne, gonar marayu ta tafi ke nan. In ban biya ba, ba a cire haƙorin. Yanzu kumburin ya dawo, ya gangaro wuya, bakin ba ya buɗuwa sosai, kunu kawai nake sha, ga zazzaɓi da yamma. Akwai wani wanzami a kasuwar Maigatari mai cirewa da awartaki, zuciyata ta fara karkata can. Ni dai na faɗa a gida, ba zan biya tarar ruwan sama ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ni da likita wa ke da gaskiya?

Naka,
Dattijo Mai Sungumi

AMSA

Baba, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kumburin da ya gangaro wuya, ya hana buɗe baki, ya zo da zazzaɓi, ba na zaman jiran zagayowar wata ba ne. Ranar da aka karanta maka wannan amsa, ranar za ka nufi asibitin gwamnati, in sun ce Kano ka hau mota. Awartakin Maigatari kuwa ka cire shi daga ranka, likitanka ya riga ya gaya maka ba a cirewa a kan kumburi. In ka rasa ranka a kan taurin kai, wa zai tsaya wa Larai gaban alƙali?

Sai tambayarka. Uzurinka uzuri ne, kuma likitan da ya zaɓi yin aiki a ƙasar manoma ya kamata ya san ranar shuka ba a yanka ta da alƙalami. A ganina, kuɗin fashin rana adalci ne in an faɗa tun farko, in bai yi nauyi ba, in kuma za a saurari mai uzuri. Faɗa an faɗa, kai ka shaida. Sauraro ne ba a yi ba, kuma ma'aikacin da ya ɗaga wa sa'an kakansa murya a gaban jama'a ya yi rashin tarbiyya.

Amma Baba, wanzaminka ba daga Kano ya taso ba. In ya tarar ba ka nan, gida na gaba akwai wani kan. Likita ya biya mota, ya biya haya, ya dafa kayan aikinsa, ya zauna yana duban ƙofa. Mai yiwuwa an mayar da wata mai kumburi irin naka don an ajiye maka wuri. Ka tuna yadda kake ji in ka kira gayya, an dama fura an tuƙa tuwo, mutum bai zo ba bai aiko ba.

Kuma kai da bakinka ka ba ni labarin Rufa'i. Gumel za shi, ta bakin gonarka ya wuce, har kuka gaisa. Da ka ɗora masa saƙo a keken nan, da duk wannan bai taso ba. Ruwa ne ya hana ka zuwa, amma ba shi ya hana ka aike ba. Ina jin wannan yana ci maka rai kusan yadda haƙorin ke yi.

Batun Cindo kuwa, ba biya ne zai ba shi nasara ba. Abin da yake ci da shi yanzu shi ne fitar da ka yi da sandarka ka bar magana a rataye. Ai ba mantuwa ka yi ba, shuka ka zaɓa, kuma duk garinku ita aka zaɓa ranar, har shi Cindon. In ka samu sauƙi, a bakin masallacin da yake hirarka, ka ba da labarin da kanka: sharaɗin da aka gindaya, da ruwan, da Rufa'i. Kada ka rage wanda bai yi maka daɗi ba. Wanda ya iya ba da shaida a kan kansa, da wuya a yi shakkar shaidarsa a kan kututturen aduwa.

Daga nan ka nemi ganin likitan shi kansa, ba ma'aikacin ba. Ka ba shi haƙuri kan rashin aike, ka kuma gaya masa abin da aka yi maka a ƙofarsa, ya kamata ya sani. In ya yafe ka gode, in bai yafe ba ka biya da sakin fuska. Ranar nan tasa ce, kai ka ba shi ita, sannan ka are ta ka kai gona, ga shi geron ya kai ƙugu. Ko ya yafe ko bai yafe ba, in an yi girbi ka ɗaure masa dami guda daga gonar, Rufa'i ya kai masa a keke.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya kai mu kaka, ya tsare wa marayun Larai gonarsu.

Ɗanka,
Malam Ilu