Giyar Lemo a Teburin Marigayi

Yaya Sun-deok,

Ki taimake ni da shawara. Amma in "ki yi haƙuri" za ki ce, kada ki wahalar da kanki, duk ƙauyenmu sun riga ki.

Mijina Byeong-cheol ya rasu bara, ya bar mini gonar lemo da tukunyar dafa giya. Bayan ya daina fita kamun kifi ne ya fara dafa ta. Haushi yake ji in ya ga ƙananan lemo masu tabo da 'yan kasuwa ke ƙi, muna zubarwa bayan katanga. Sai ya koyi dafa giyar alkama a ɗakin ajiya, ni kuma ina fere ɓawon lemon da za mu zuba a ciki, ina kankare farin nan na jikinsa don kada ta yi ɗaci. Ta farko tsami ta yi, ko kare ba zai lasa ba. Ta biyu kwalabe suka yi ta fashewa har maƙwabta suka fito a guje. Daga baya hannunmu ya faɗa: fara sol kamar ruwan shinkafa, ga kumfa, ƙamshin lemo na dukan hanci tun kafin a kai baki. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya kasa haɗiye komai, yatsa nake tsomawa in shafa masa a leɓe.

Yanzu ranar cikarsa shekara da rasuwa ta matso, za a jera masa abinci da abin sha a teburi gaban hotonsa, yadda aka saba yi wa mamaci a al'adarmu. Na dafa sabuwa da lemon bana, tana nan tana tsimuwa, na ce ita zan zuba masa. Wansa, Yaya Man-seok, ya ce sam, wai tun kakanni giyar shinkafa ake zubawa. A gaban dangi ya ce mini, "Matar ƙanena, teburin mamaci ne wannan ko shagon 'yan yawon buɗe ido?" Na ce masa ƙanensa bai taɓa son giyar shinkafa ba, ciwon kai take sa shi, kuma da ya riƙa leƙo shi lokacin jinya da ya sani. Tun daga ranar bai sake yi mini magana ba.

Ɗana Tae-gyun yana shirin aure, tsoro yake kada surukai su ji muna rigima. Sai lallashina yake, wai kofi ɗaya ne fa. Na ce to, tunda ɗaya ne, me ya tsone wa baffanka ido?

Ni dai na yanke. Ko giyata ta hau teburin, ko in kwashi kwalabena in tafi kabarinsa da ke tsakiyar gona in yi nawa ni kaɗai, su kuma su nemi mai dafa musu. In na yi laifi ki faɗa, amma ni ban gan shi ba.

Mai Ɓawon Lemo, Seogwipo

Ƙanwata,

Ki zuba giyarki. Abin da mamaci ke so ake ajiye masa, kuma babu wanda ya fi ki sanin abin da mijinki ke so. A nan ina bayanki.

Amma maganar jinyar nan ta yi zafi. Ke kin rasa miji, shi ya rasa ƙane. Akwai mutanen da ba sa iya kallon nasu yana ramewa, sai su gudu, daga baya su riƙe al'ada gam don ita kaɗai ta rage da za su iya yi masa. Ina zaton Man-seok cikinsu yake.

Kada ki jira ranar. Ki ɗauki kwalba mai sanyi ki je gidansa, ba tare da Tae-gyun ba, yaron ba alƙali ba ne. Ba izini za ki nema ba. Ki ba shi labarin yatsan da leɓen, don na tabbata bai sani ba. Sannan ki ce shi ya zuba ta shinkafa a matsayinsa na babba, ke ki zuba taki a gefe. Teburin zai ɗauki kofi biyu.

In ya ƙi, ki dafa abincin duk da haka, ki tsaya a yi da ke, ki ajiye kofinki da hannunki ba tare da gardama ba. Gidanki ne. Ban ga namijin da zai ɗauke kofi daga gaban hoton ƙanensa mutane na kallo ba.

Ina yi miki fatan sanyin zuciya, Tae-gyun kuma a sha biki lafiya.

Hyeon Sun-deok