Sarƙar Keken da Kika Tafi da Ita

Zuwa ga 'Yardada, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakiyar bazara, ruwan randar ƙasa ga wanda ya kwaso rana, nonon safe da ba a taɓa sirka shi da ruwa ba!

Ina gaishe ki gaisuwar da ƙasa ke yi wa ruwan fari. Yaya jikarmu Hassana da jinjirinta? Malam Salihu maƙwabcinmu ne riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana. Abin da bakina ya furta shi za ki ji. Ke kuma Hassana, mai karanta wa kakarki, ki ɗaga murya, kada ki tsallake inda kunya ta kama ki, don tun kafin a haifi uwarki muke wannan zance.

Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Gwiwar da na faɗi a kanta ta daina ƙara, ina zuwa masallaci da ƙafata, ina cin tuwon matar ɗanmu Mamman, ko da yake miyarta ba ta san daddawa ba. Shamuwa ta dawo kan kukar bayan gida. Komai yana nan inda kika bar shi, in ban da abu biyu: ke, da sarƙar kekena.

Haba, zinariyata! Wa ya koya miki wannan aiki? Washegarin tafiyarki wankan jegon Hassana na fito da keken daga zaure, na ɗora ƙafa, feda ta juya fayau kamar dutsen niƙan da babu tsaba. Na duba, babu sarƙa. Ashe kin sa an kwance ta, kin ƙulle a ƙunshinki tare da kanwa da kayan yajin mai jego, kin haye motar Mamman kina yi mini addu'a da fuskar salihai! Yanzu arba'in ta wuce, an gama wanka, an sha kunun kanwa har an gaji, ga kuma saƙonki Mamman ya kawo: wai ba za ki sake taka Dukawuya ba sai na rantse na bar hawan keke har abada. Don na faɗi sau ɗaya a kan tsakuwa! Wane mahayi ne bai taɓa faɗuwa ba?

Kin san abin da kike nema kuwa? Ni Ashafa ɗan koli, da keken nan na ci kasuwannin yamma duka, da turare da kwalli da allura da madubi a bayana. Babu turba daga ganuwa zuwa kogin Watari da ba ta san tayata ba. Na san inda burji yake ƙarewa yashi ya karɓa, inda dole ka sauka ka tura. Na san burtalin da ƙaya ke kwanto a cikinsa, da wanda shanu suka tattake ya yi santsi kamar daɓe. Na san kurmin kanya da ɗinya inda rana ba ta sauka ƙasa, iska ta yi sanyi, ba ka jin komai sai kukan hasbiya da ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashinka. Na san mashigin da ake ratsawa da rani, da wanda ke cin mutum in damina ta yi tsakiya. Yaran yanzu kwalta suka sani, su wuce gari goma ba su gaishe da kowa ba. Ga 'yan siyasa sun fito da tutocinsu, kowa yana alkawarin zai shimfiɗa wa hanyar ƙauyenku kwalta. In sun cika, wa zai tuna a ina rijiyar makiyaya take, in ba ni ba?

In ba mu ba, ya kamata in ce. Kin tuna, kurciyata? Kin tuna yadda muke fita in za ni kai ki ganin gida? A cikin birni ba na ɗaukar ki, ina! Wa zai goya matarsa a gaban dattawan unguwa? Ni ina gaba ina tura keke kamar ban san ki ba, ke kina baya can da lulluɓi kamar baƙuwa. Sai mun fita ƙofar gari, mun wuce gonakin farko, in tsaya kamar ina duba taya, ki iso, ki waiga hagu da dama, ki zauna a karkace a kan kariyar bayan keken. Daga nan kuma duniya tamu ce!

A gida ba kya iya haɗa ido da ni, kunyar Fulaninku ba ta bari. Amma a bayana, inda ba na ganin fuskarki, nan bakinki yake buɗewa kamar furen kabewa da hantsi. A kan keke kika fara gaya mini ba kya son turaren da nake ba ki. A kan keke kika yi mini waƙar tatsar da kika koya wurin innarki. A gangaren nan na jar ƙasa, da birki ya ƙi ci, kika ƙanƙame rigata kina salati, muka zarce cikin gonar gyaɗa muka zube, kika tashi da ganye a ka kina dariyar da ban taɓa ji ba kafin ranar. Kuma a mashigin Watari, ina ɗauke da keken a kafaɗa, kina riƙe da gefen rigata, ruwa har gwiwa, kika faɗa wa ƙeyata cewa kina da ciki. Na kusa sakin keken ruwa ya tafi da shi! Wace aljanna ce a duniya ta wuce wannan rafi a wannan rana?

To ji abin da ya faru, tauraruwata, don ba na ɓoye miki komai. Kin ɗauka sarƙa ɗaya ce a Kano? Da saƙonki ya iso, zuciya ta ɗebe ni. Na tafi wurin mai faci na sa sabuwa dal, na shafa mai, na ba taya iska, na ce ni da kaina zan bi ta daji in zo in ɗauko ki, a ga wanda zai hana. Na tura shi har bayan gari, na hau. Ƙafa ta karɓa, sirdi ya gane ni, ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa ya bugi hancina, na ji kamar saurayi.

Ban yi nisa ba na tsaya. Ba gwiwa ba ce, kada Mamman ya yi murna. Tunani ne ya tsayar da ni. Na ce a raina, to in na isa fa? Ki fito ki gan ni da jar ƙasa har gira, ki san na taka maganarki, wannan bakin da na sha wahala kafin ya buɗe ya sake rufewa? Kuma in na zame a cikin kurmi inda babu mai wucewa, wa zai zo miki da labari, da wace fuska? Na tuna ranar da kike gasa mini gwiwa, kina faɗa kina share ido da gefen mayafi. Duk tsawon shekarun nan kina zaune a bayana kin ba ni amanar ranki, ban taɓa jin kin ce in sauke ki ba. Yau ke kika ce in sauka. Sai na juya, na turo shi har gida da ƙafa.

Soja ma, da bindigarsa da takalminsa, ya miƙa mulki ya koma bariki. Ni wane ne? Ga rantsuwar da kike nema, Malam Salihu shaida ne: wallahi na sauka, ba zan ƙara hawa ba. Ban ce kin fi ni gaskiya ba, a rubuta wannan ma. Na ce dai na fi son ki da hanya.

Ki dawo, hasken gidana, ki dawo! Hanyoyin suna nan cikin kaina, babu katafilar da za ta kankare su. In an yi la'asar mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in riƙa bin su da baki ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofar gari har rugar mahaifinki, inda na ƙara gishiri ki ƙaryata ni. In kunya za ta hana ki, sai in juya miki baya.

Na gaya wa Mamman ya zuba mai a mota ran Juma'a. Zan sa farar rigata in zauna a dakali tun hantsi.

Naki tun ƙafata tana da ƙarfi, naki yau da ta gaji, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Ashafa ɗan koli,
Dukawuya, cikin birnin Kano.